Kwamfuta ta tsara mini aiki, manaja ya yaga takardar

Assalamu alaikum. Ni injiniya ne, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina aiki a wata masana'antar roba a Sharaɗa, Kano. Injin zuba roba shida gare mu, muna buga bokiti, baho, kofuna da kujeru, a mako mukan karɓi oda kusan talatin. Manajan aiki ya haura shekara ashirin a wurin, shi ke tsara wane aiki zai hau wane inji, da biro da kwali. Na rubuta manhajar jenetik algoridim, wato dabarar gado, da yaren kwamfuta na Python, na sa mata minti 30 a kowane canjin aiki, na ce ta nemo jerin da za a gama komai da wuri. Maigida ya ba ni mako ɗaya in gwada. Kafin Laraba farin bokiti ya fito da zane-zanen baƙi, an tura mazubin kujera kan ƙaramin inji, wata oda ta fito sau biyu wata ta ɓace, motar Maraɗi ta tashi babu kayanta. Manaja ya yaga takardar a gaban yara, yanzu "Injiniyan kwamfuta" ake kira na. In koma dabarar tururuwa ko ta garken tsuntsaye, ko kuwa in nemi wani aikin?

Wa alaikumus salam, Injiniya. Kada ka bar aikin, kuma kada ka koma tururuwa ko tsuntsaye tukuna. Cikin ɓarna huɗu da ka lissafa, ɗaya ce kawai laifin yadda ka rubuta manhajar. Sauran ukun masana'antar da ka kwatanta wa kwamfuta ce ba ita ce wadda ke Sharaɗa ba. Da dabarar tururuwa ta Marco Dorigo ta 1992 da ta garken tsuntsaye ta Kennedy da Eberhart ta 1995, masu kwaikwayon yadda tururuwa da tsuntsaye ke neman abinci, duk in ka ba su minti 30 ɗin nan za su sake tura farin bokiti bayan baƙi, sai dai wataƙila su fi saurin yin hakan.

Ba mu ce ka yi kuskuren neman taimakon kwamfuta ba. Aiki 12 a kan inji ɗaya ana iya jera su ta hanya 479,001,600; kwamfutar da ke gwada miliyan ɗaya a daƙiƙa za ta gama cikin minti takwas. Su zama 20, sai ta yi kusan shekara 77,000 tana gwaji. Dalilin da ya sa aka samar da dabarun da Lotfi Zadeh ya tara ƙarƙashin sunan lissafi mai sassauci ke nan: ba sa alkawarin amsa mafi kyau duka, amma suna kawo mai kyau ƙwarai kafin a tashi aiki. Sharaɗinsu ɗaya ne, abin da ka auna musu shi za su bi, ido rufe.

To mu fara da minti 30. A injin zuba roba, tsawon canji ya dogara ne da abin da ya sauka da abin da zai hau. Daga fari zuwa baƙi, ɗan lokaci kaɗan baƙin ya rufe komai, har ragowar da aka niƙa ma takan shige. Daga baƙi zuwa fari kuwa, kalar tana maƙale a lungunan sukurun da ke tura roba da bakin bututu, sai an yi ta tura roba ana zubarwa kafin ta washe, in aka yi garaje zanen nan da ka gani ya fito. Ɗauki misali, lambobin namu ne na kwatance, kai za ka auno naka: fari zuwa rawaya minti 10, rawaya zuwa ja 15, ja zuwa shuɗi 20, shuɗi zuwa baƙi 10. Jimilla 55. Yanzu a jera su baƙi, fari, shuɗi, rawaya, ja: baƙi zuwa fari 70, fari zuwa shuɗi 20, shuɗi zuwa rawaya 55, rawaya zuwa ja 15, jimilla 160. A idon manhajarka jerin biyun duk minti 120 ne, ba ta ga bambancin minti 105 da buhunan robar da aka zubar ba. Manaja kuwa ko a barci ya san daga haske ake tafiya zuwa duhu.

Saboda haka aikinka na farko ba a kan kwamfuta yake ba. Ka liƙa takarda a jikin kowane inji na mako uku ko huɗu: aikin da ya sauka, wanda ya hau, ƙarfe nawa kaya mai kyau na ƙarshe ya fito, ƙarfe nawa mai kyau na farko na sabon aikin ya fito, da kilo nawa aka zubar a tsakani. Daga mai kyau zuwa mai kyau ake aunawa, ba daga kashe inji zuwa kunna shi ba. Ka raba canjin kala kaɗai, canjin mazubi kaɗai, da lokacin da aka yi su tare, don ba lallai ne na ukun ya zama jimillar biyun ba. Kala biyar na ba da canji iri 20, wasu ba za su faru ba a makonnin. Waɗannan guraben bakin manaja ne zai cike su. Tsawon aikin kansa ma ka ɗauko shi daga lambar da injin ke ƙirgawa, ba daga takardar kamfanin da ya ƙera shi ba. Bokiti 2,000 a daƙiƙa 30 kowane ɗaya awa 16 da minti 40 ne, amma in huɗu cikin ɗari na lalacewa, 2,084 za ka buga, awa 17 da minti 22. Wannan minti arba'in ɗin, a tara shi kan oda talatin, ya isa ya sa mota ta tashi.

Na biyu, abin da ka ce ta nema. "A gama komai da wuri" ma'auni ne na aji. Bai damu da wace oda ce ta fita Talata wace ce ta fita Asabar ba, in dai ta ƙarshe ta fita da wuri, shi ya sa ya yar da kayan Maraɗi a ƙarshen layi. Maida komai naira. Kowane jeri a ƙirga masa kuɗin robar da za a zubar, da man dizal na awannin janareto, da kuɗin ƙarin lokacin ma'aikata, da tarar latti. Tarar latti ba kai za ka yanka ta ba, maigida za ka zaunar ka tambaya: in kayan wane suka makara yini ɗaya, nawa muka yi asara? Kuma latti iri biyu ne. Ɗan kasuwar cikin gari in an makara awa uku zai yi mita ya karɓa, tararsa na hawa a hankali. Motar da ke tashi ranar da aka sa ba ta san awa uku ba. Ko kaya sun shiga ko sun jira tafiya ta gaba, don haka tararta dunƙule ɗaya ce mai nauyi da ke faɗowa da zarar lokaci ya wuce. Na dizal, janareto mai ɗauke da nauyi daidai yakan sha tsakanin rubu'in lita da sulusinta a kowane kilowat-awa, amma gara ka auna naku da tanki da agogo.

Sai abubuwan da ba sa yiwuwa sam. Mazubin kujera na bukatar injin da ƙarfin matsarsa ya kai, kuma faɗinsa ya shiga tsakanin sandunan injin. Mazubi ɗaya ba ya hawa inji biyu lokaci guda. In sarƙar ɗaga ƙarfe ɗaya ce, masu ɗaurawa rukuni ɗaya, ba a canji biyu a awa ɗaya. In an koma janareto akwai iyakar injinan da zai ɗauka. Ga hutun sallar Juma'a, ga canjin ma'aikatan dare da na rana. Da yawan masu koyo sukan sa wa irin waɗannan tara mai yawa su bar manhaja ta guje musu da kanta. Ba mu son wannan hanyar a nan: tara ta yi kaɗan, jerin da ba ya yiwuwa ya yi nasara, ta yi yawa, ta danne duk wani bambanci na gaske. Abin da ya fi shi ne ka rubuta wani sashe mai fassara jeri zuwa jadawali. Ya ɗauki oda ta farko, ya duba injinan da suka halatta mata kaɗai, ya duba mazubin na nan, masu ɗaurawa ba sa wani aiki, janareto na da sarari, ya aje ta inda za ta fi araha, ya wuce ta biyu. Da haka kowane jadawalin da ya fito mai yiwuwa ne. A kan wannan sashen mafi yawan lokacinka ya kamata ya tafi, kuma shi ne ba ya canzawa ko wace dabara ka ɗora a kai.

Kafin ka bar shi ya nemo komai, gwada shi da abin da ya riga ya faru. Ɗauko kwalin manaja na makon jiya, ka shigar da jerinsa yadda yake. In lissafinka ya ce inji na uku zai gama Alhamis da azahar, alhali sai Juma'a da safe ya gama, akwai abin da ba ka sani ba tukuna. Ruwa ba ya tsami banza. Ka bi sawu har ka gano. Sai lissafi da gaskiya sun yi kusa za ka ci gaba.

Yanzu laifin da yake naka: odar da ta fito sau biyu. John Holland, wanda ya shimfiɗa dabarar gado a Jami'ar Mishigan a 1975, da jerin sifili da ɗaya ya yi aiki, inda za a yanka jeri biyu, wato iyaye, a haɗa kan wannan da wutsiyar wancan a samu sabon jeri, wato ɗa, ba matsala. Jerin ayyuka ba haka yake ba. Uba 1 2 3 4 5 6, uwa 4 6 2 1 5 3. Yanka bayan na uku, ɗa ya fito 1 2 3 1 5 3. Aiki na 1 da na 3 sun maimaitu, na 4 da na 6 sun ɓace. Maganin shi ne ka riƙe kan uba, 1 2 3, sannan ka bi uwa daga farko kana ɗaukar waɗanda ba su riga sun shiga ba: 4, 6, 5. Ɗa ya zama 1 2 3 4 6 5. Kuma ka sa layi ɗaya da zai tsayar da manhaja duk lokacin da adadin odar da ta shiga bai yi daidai da wadda ta fita ba. Da layin nan na nan, da ba a kai ga Laraba ba.

Ra'ayinmu, ka ajiye dabarar gado gefe na ɗan lokaci. Fara da jera oda bisa wadda wa'adinta ya fi kusa. Tun 1955 Jackson ya nuna cewa a inji ɗaya, in babu lokacin canji, wannan ke rage latti mafi muni. Ga ma'auni ɗaya, ga jerin manaja na biyu. Daga wanda ya fi araha, sai ka shiga gyara: ciro oda ɗaya ka soka ta wani wuri, ko ka musanya biyu, in kuɗi ya ragu ka riƙe. Wannan zai tsaya da wuri, a inda kowane taku ɗaya ke ƙara kuɗi ko da akwai mafi kyau taku uku gaba. Nan dabarar huce ƙarfe ta Kirkpatrick da abokan aikinsa ta 1983 ke shigowa, wadda aka aro daga abin da maƙera suka sani, cewa ƙarfen da ya huce a hankali ya fi kwantar da jikinsa. Takan yarda da takun da ya ƙara kuɗi, da yiwuwar da ke raguwa yayin da "zafi" ke sauka. Ana raba ƙarin kuɗin da zafin, a sa alamar ragi, a ɗora a kan lambar e (kusan 2.718) a matsayin ƙarfinta, abin da ya fito shi ne yiwuwar karɓa. Ƙarin naira 5,000 a zafi 10,000 za a karɓe shi kusan sau 61 cikin ɗari. Zafi ya sauko 1,000, bai kai sau ɗaya cikin ɗari ba. Ka zaɓi zafin farko yadda za a karɓi kusan takwas cikin goma na munanan taku, ka yi gwaji 'yan ɗaruruwa a kowane mataki, ka ninka zafin da 0.95. Bayan mataki 90 ya koma kusan kashi ɗaya cikin ɗari na farko. In ka ga amsar ba ta wuce inda ta fara ba, saurin hucewa ya yi yawa. In tana ta yawo har ƙarshe, zafin bai sauka isasshe ba. Layukan ba su da yawa, kuma maɓallan da za ka murɗa uku ne kacal.

In ka dawo kan dabarar gado daga baya, jeri 50 zuwa 100 ya isa, ka tsallakar da biyu mafi kyau zuwa zuriya ta gaba ba taɓawa, ka saka jerin manaja cikin zuriyar farko. Ciwonta shi ne duk jerin su koma kama ɗaya tun da wuri, sai haɗa su ya daina haifar da sabo; ka riƙa ƙirga jeri nawa ne daban-daban, in sun ragu sosai ka ƙara yawan sauyin bazata. Kowace dabara ka yi amfani da ita, gudu ɗaya ba hujja ba ne, tunda akwai sa'a a ciki. Sau 20 ko 30, ka dubi matsakaici da mafi muni. Wolpert da Macready sun tabbatar a 1997 cewa babu dabarar nema da ta fi sauran a kan dukkan matsaloli, don haka duk wanda ya ce maka tururuwa ta fi gado, tambaye shi a kan wace masana'anta.

Akwai kuma OR-Tools na Google, tarin manhajojin warware irin wannan lissafi, kyauta ne, yana aiki da Python, kuma sashensa na CP-SAT an gina shi don irin wannan jadawali. Amfaninsa da sauran ba su da shi: yana gaya maka iyakar da ba za a iya sauka ƙasa da ita ba, sai ka san ko saura da yawa ko ka kusa ƙurewa. Solver na cikin Excel kuwa iyakarsa abubuwan zaɓi 200. Oda 30 a inji 6 sun cinye 180 kafin a zo maganar wa ke gaban wa.

Lissafin kusan-kusan, wanda Zadeh ya fito da shi a 1965, yana da wuri a aikinka, amma ƙarami. Manaja ba zai ce minti 62 ba. Zai ce "in an yi sa'a arba'in, yawanci hamsin da biyar, in abin ya ƙi awa ɗaya da rabi". Rubuta ukun: 40, 55, 90. Tsakiyar nauyinsu, wato a tara su a raba uku, kusan 62, da ita za ka tsara. Ga odar mota kuwa ka duba ko za ta tsira da 90. Haka kalmar "gaggawa": saura kwana biyu ko ƙasa, cikakkiyar gaggawa, 1, kwana shida ko fiye, sifili, kwana uku ya zama 0.75. Sai dokoki kaɗan daga bakinsa, irin "in gaggawa ce kuma tsohon abokin ciniki ne, a gabatar". Biyar ko shida sun isa, in suka kai talatin ba mai iya gano wadda ta jawo kuskure. Kada ka sa ɗauke wuta a nan. Wannan ba maganar ma'anar kalma ba ce, maganar yawan faruwa ce: ka rubuta lokacin ɗaukewa da dawowa kullum, sannan ka gwada kowane jadawali a kan makonni goma na baya, ka zaɓi wanda bai rushe ba ko a mummunan mako, ko da ya ɗan fi tsada a mai kyau. Kuma in wuta ta rikita tsari tsakiyar mako, kada manhaja ta sake jera komai. Aikin awa 12 masu zuwa a kulle shi, duk odar da za a ɗaga daga inji zuwa inji a sa mata kuɗi, don an riga an kai roba da kala gindin injin.

Saura manaja. Ka dube shi ta inda yake tsaye: yaron da aka haifa bayan ya san zafin narkakkiyar roba ya je wurin maigida ta bayansa, aka kawo takarda daga sama, ɓarnar da ta biyo baya kuma shi aka fara kira. Yaga takarda a gaban yara bai dace ba, amma ba kai za ka gaya masa ba. Same shi shi kaɗai, bayan la'asar in hayaniya ta lafa, ka ce, "Baba, na yi garaje, ban tambaye ka ba. Ina so ka koya mini yadda kake jera kala." Ka je da littafi, ba da kwamfuta ba. Duk abin da muka lissafa a sama, lokutan canji, injin da ke gardama da wane mazubi, ɗan kasuwar da ba a saɓa masa, a kansa suke, kuma ba za su fito ba sai ya tabbata ba kujerarsa ake nema ba. Sunan da yara suka sa maka, ka amsa da dariya, zai mutu ko ya zama naka.

Ga maigida, ka nemi mako huɗu na gwajin gefe: masana'anta ta bi kwalin manaja, kai kana fitar da naka kana ajiyewa, ranar Asabar ku zauna ku ukun ku kwatanta abu uku, awannin canji, kilon robar da aka zubar, da odar da ta makara. Duk inda manaja ya ce "wannan ba zai yiwu ba", tambayi dalili ka rubuta, sabuwar doka ce ka samu. In aka zo amfani da shi, manhaja ta fitar da zaɓi biyu ko uku, shi ya zaɓa, kuma yana da ikon kulle oda inda yake so.

Yana iya yiwuwa bayan mako huɗun ka tarar bambancin naka da nasa kaɗan ne. In haka ta faru, asarar ba a jeri take ba, a tsawon canjin kansa take, kuma takardun da ka liƙa sun riga sun nuna maka inda. Shigeo Shingo, wanda ya yi aiki da Toyota a Japan, ya raba aikin canji gida biyu: wanda dole sai inji ya tsaya, da wanda za a iya yi yana gudu. Tsaya da agogo ka kalli canjin mazubi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ƙirga minti nawa aka yi ana neman sifana, nawa ana jiran sarƙa ta dawo daga ɗaya ɓangaren, nawa ana kwance tiyon ruwan sanyaya ɗaya bayan ɗaya. Mazubi na gaba ya kasance a gindin inji tun saura rabin awa, da kusoshinsa da sifanunsa a tire ɗaya, sabuwar kala an riga an gauraya ta, lambobin zafi da matsi na wannan mazubin a rubuce a kati a rataye a jikinsa.